Ambaliyar Da Ba Ta Ruwa Ba: Yadda Ake Tsare Saba

Da Malam mai kula da wannan mujalla ya ce kowane ɗan ajin ƙarshe ya rubuto abin da zai amfani na baya, sai na duba na ga ba ni da abin da ya fi wani darasi da na koya a ɗakin kwamfuta, inda nake firfet, ran da sabarmu ta ƙi amsa wa kowa. Ban koye shi cikin daɗi ba, gama saura ƙiris a ɗora mini laifin da ban ji ba ban gani ba.

Saura mako 3 ke nan mu tafi rubuta jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ba a yin ta sai a kwamfuta. Da yawa daga cikinmu kuwa daga ƙauyukan Birnin Gwari muka fito, wani daga Kuyello, wani Randagi, wani Dogon Dawa, har akwai wanda bai taɓa ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta ba sai da ya zo nan. Saboda haka Malaminmu na kwamfuta ya shirya mana jarrabawar gwaji. Muka yi karo-karo muka sayi man da zai riƙe inji awa 2, ba ƙari. Mu 40 muka zauna, Malam ya ce a fara, kowa ya danna. Shiru. Ɗan da'irar nan ya yi ta juyawa a allon kowa, inji yana ta shan mai a waje, shafin tambayoyi ya ƙi buɗewa. Nan da nan ɗaki ya ɗauki hayaniya, ana cewa, "Firfet, kai ka taɓa wani abu, ai mabuɗi a hannunka yake kwana!" Gumi ya keto mini. Kafin in gaya muku yadda muka ƙare, bari in bi da ku ta hanyar da Malam ya bi da ni daga baya, domin in ba ku san yadda kwamfutoci ke gaisawa ba, ba za ku gane inda gizo ke saƙar ba.

Saba dai, wadda wasu ke kira uwar garke, kwamfuta ce kamar kowace, sai dai aikinta hidima. Ita ke ajiye shafuka da tambayoyi da sakamako, sauran na'urori su zo su roƙa ta ba su. In ka duba sakamakon jarrabawa a waya, ko mai POS ya cire maka kuɗi a bakin kasuwa, da wata saba ake magana, ko tana Legas ko tana Abuja ko ma a Turai. Ƙa'idar da suke bi wajen maganar sunanta TCP. Vint Cerf da Bob Kahn ne suka fito da tushenta a Amurka a 1974, aka rubuta ta a daidaice a 1981. A wancan zamani masu amfani da hanyar 'yan kaɗan ne, malaman jami'a da masu bincike, kusan kowa ya san kowa, don haka aka gina ta bisa yarda.

Gaisuwar taki uku ce. Na'urarka ita ce baƙo, sai ta yi sallama, ta aika da ɗan saƙo mai suna SYN. Saba ta amsa sallama da nata saƙon, SYN-ACK, a cikinsa ta sa wata lamba. Sa'an nan baƙo ya mayar da lambar nan, ya ƙara 1 a kanta, don a tabbata ya ji, wannan shi ne ACK. Sai an yi ukun nan zance ke farawa. To, ku lura da tsakanin taki na biyu da na uku, gama nan ne rauni yake. Da zarar saba ta amsa sallama, sai ta ware wa baƙo gurbi a cikin ƙwaƙwalwarta, ta rubuta adireshinsa, ta zauna jiransa. Gurabun nan kuwa ƙidayayyu ne.

Kowa a cikinmu ya san tashar motar Kaduna. Mutum ya zo ya ce wa ɗan kamasho, "Kama mini wuri, bari in sayo ruwa in dawo," ya ajiye hula ko ƙunshi a kan kujera. Wannan al'ada ce mai kyau, muddin mai hula zai dawo. Amma a ce wani mai gaba da direba ya tara yara goma, kowane ya zo ya kama wuri da sunan ƙarya, ya zille. Mota fanko, amma ɗan kamasho yana ta cewa ta cika. Ga mace da yaro marar lafiya za ta asibiti Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 120, tana so ta kama hanya da sauran rana, dalilin da ba sai na faɗa wa mutumin Birnin Gwari ba, sai a juya ta. Ba a fasa gilashi ba, ba a saci ko taya ba, amma an hana mota aikinta. Haka ambaliyar SYN take. Mahari yakan turo sallama ba ƙaƙƙautawa, kowace da adireshin ƙarya. Saba ta amsa, amsar ta tafi gidan da babu kowa, ta sake aikawa, ta yi ta jira, har gurabu su ƙare.

Duniya ta farga da wannan ne a ranar 6 ga Satumba 1996, sa'ad da aka yi wa wani kamfanin intanet na birnin New York mai suna Panix irin wannan aika-aika, masu hulɗa da shi suka yi kwanaki cikin wahala. A shekarar nan wasu mujallu biyu na masu kutse sun riga sun buga yadda ake yin abin, kowane ɗan zaman banza ya samu. Na'urorin lokacin kuwa wasu ba su da gurbi fiye da rabin dozin, kuma irin na BSD sukan yi jiran sakan 75 kafin su fid da rai ga baƙo.

Dabarar da za ta fara zo wa kowa ita ce a ƙara kujeru. Ni ma ita na faɗa, Malam ya miƙo mini alli ya ce in yi lissafi. In saba tana da gurbi 128, tana jiran sakan 75, mahari ba ya bukatar ko saƙo 2 a sakan ɗaya don ya riƙe ta a cike. In ka mai da gurabun 10,000, saƙo 134 a sakan sun ishe shi, abin da tsohuwar waya ma za ta iya. Na ce to a rage jira. Ya ce wannan yana taimakawa, amma in tuna wa zai fara cutarwa. Wanda ke tsakiyar Kaduna amsarsa kan iso kafin ƙiftawar ido. Wanda ke wani ƙauye a gefen dajin Kamuku, yana ɗaga waya sama yana neman sanda ɗaya ta sabis, shi ne tasa amsar ke makara. In ka matse jira ƙwarai, ka kori talakan da kake son karewa, ka bar mahari yana dariya.

Maganin da ya fi burge ni shi ne wanda Daniel Bernstein da Eric Schenk suka fito da shi a cikin Satumban nan ta 1996, suka sa masa suna kukis na SYN, ko da yake ni tikiti nake kiransa. Koma tasha. Ɗan kamasho ya yi wayo, ya ce daga yau ba a kama wa kowa kujera. Duk wanda ya zo, sai ya yago takarda ya yi mata wata alama da shi kaɗai ya san sirrinta, ya ce, "Je ka sayo ruwanka, in ka dawo da wannan, kujera taka ce." Ko yara dubu aka turo, asararsa takarda ce kawai. Ba ya rubuta komai a littafi, ba ya tuna fuskar kowa. Wanda ya dawo da tikiti mai alama ta gaskiya ya shiga mota.

Ga yadda saba ke yin tikitin. Kun tuna lambar da take sa wa a amsar sallama? Lambar tana da ɗigo 32, watau bit 32. Maimakon ta zaɓe ta haka kawai, sai ta ƙera ta. Ɗigo 5 na farko agogo ne da ke matsawa kowane sakan 64, don kada tsohon tikiti ya yi aiki har abada. Ɗigo 3 na biye suna nuna girman ƙunshin saƙon da baƙo zai iya karɓa. Sauran 24 kuwa su ne alamar sirri, ana samo su ta hanyar cuɗa adireshin baƙo da na saba da lambobin ƙofofinsu da lokaci da wani mabuɗi wanda saba kaɗai ta sani. Ta aika, ta manta. In baƙo na gaskiya ne, zai dawo da lambar da ƙarin 1, saba ta cire 1, ta sake lissafi, in ya yi daidai ta buɗe masa. Mai adireshin ƙarya bai taɓa ganin tikitin ba, tun da gidan wani aka kai shi, in kuwa zai yi caca, alama ɗaya zai cinka daga cikin 16,777,216. Abin yana da ɗan aibu, domin tikiti ƙarami ne, ba ya ɗaukar dukan bayanin da baƙo ya zo da shi. Shi ya sa manhajar Linux ba ta fara raba tikiti sai ta ga layi ya cika. Mai kula da saba sai ya tabbata layin nan, net.ipv4.tcp_syncookies, yana kan 1.

To, mu koma ɗakinmu. Malam bai yi faɗa ba, bai ko dube ni ba. Ya zauna gaban saba ya buga wani ɗan umarni, ss -tan, wanda ke jero duk masu magana da ita. Ya ce, "Firfet, zo ka karanta mini." Tikitinmu a kunne yake, kuma babu wani tarin masu rabin gaisuwa. Abin da na gani layuka ne jere reras, duk sun gama gaisuwa sun zauna, kuma dukansu daga adireshi ɗaya mai ƙarewa da 17. Manhajar jarrabawarmu an saita ta ta saurari mutum 150 a lokaci guda, ga shi kwamfuta ɗaya ta cinye 150 ɗin. Malam ya ɗaga kai ya dubi kwamfuta ta 17. Mai zaune a wurin, wani abokin karatunmu da ba zan faɗi sunansa ba, ya sunkuyar da kai kamar kazar da ruwa ya doka.

Ashe wata 'yar manhaja ya gani a bidiyo, ya kwafo ta a filashi, wai yana so ya ga ko da gaske tana aiki. Irin wannan hari ya yi suna tun 2009 da wata manhaja mai suna Slowloris, sunan wata dabba ce mai sanyin jiki ta ƙasashen Asiya. Shi ba ya ƙaryar adireshi, don haka tikiti ba ya kama shi. Kamar mutum ne ya zo teburin mai shayi da 'yan'uwansa suka cika benci, aka ce me za a kawo, ya ce "Ka," ya yi shiru, can ya ce "wo," ya sake yin shiru. Mai shayi ba zai kore shi ba tun da bai gama magana ba, masu son karin kumallo kuwa suna tsaye. Malam ya zare wayar kwamfuta ta 17, kafin a jima shafuka suka fara buɗewa. Minti 50 na mai ya riga ya ƙone, muka yi rabin tambayoyi inji ya mutu. Da yamma ya nuna mini gyara iri biyu. Ya sa wa katangar tsaron saba doka cewa adireshi ɗaya kada ya riƙe zama fiye da 20, ya kuma sa wa manhaja wa'adi, duk wanda bai gama faɗin buƙatarsa cikin sakan 20 ba a sallame shi.

Amma ya ja mini kunne a kan dokar farko, ni ma ina ja muku. A ɗakinmu kowace kwamfuta da nata adireshin, don haka dokar ta zauna daidai. A waje ba haka ba ne. Kamfanonin waya sukan fitar da mutane masu yawan gaske ta adireshi ɗaya, haka cibiyar jarrabawa mai kwamfuta 250 za ta iya bayyana ga saba kamar mutum guda. In ka ɗora doka ido rufe, ka rufe wa gari guda ƙofa saboda laifin mutum ɗaya. Har wa yau, ba duk cunkoso ne hari ba. Ran da aka saki sakamakon jarrabawa kowa na rububin dubawa, saba takan yi nishi ba tare da wani ya yi mata mugunta ba. Mai tsaro sai ya san yadda sabarsa take a ranar lafiya, mutum nawa ke zuwa, daga ina, a wane lokaci, in ba haka ba ran da abu ya tashi ba zai bambance ranar kasuwa da ranar yaƙi ba.

Akwai na uku, wanda ya fi waɗannan biyu muni, kuma duk wayon ɗan kamasho ba ya maganinsa. Shi ne a toshe hanyar da ke zuwa tashar kanta. Mahari yakan mallake na'urorin mutane dubbai ba da saninsu ba, ya umarce su su yi ta antayo saƙonni lokaci ɗaya har bututun intanet ɗin saba ya cika ya tumbatsa. Wannan ake kira DDoS. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi ta yawo tana gwada kalmomin sirri kusan 60 irin waɗanda masana'antu ke sa wa kyamarorin tsaro da rautoci, wanda duk bai canja nasa ba ta shige. Da rundunar nan aka durƙusar da kamfanin Dyn ranar 21 ga Oktoba 2016, mutane da yawa a Amurka suka kasa buɗe Twitter da Netflix. Kada ku ce abin Turawa ne. A watan Nuwamba na shekarar aka yi wa kamfanin waya na Lonestar a Laberiya ruwan wuta da irin wannan runduna, har intanet ɗin ƙasar ya yi ta tangal-tangal, gama igiyar ƙarƙashin teku ɗaya tak suka dogara da ita. Wani Bature ɗan Ingila, Daniel Kaye, shi aka yi haya daga ɓangaren abokan gogayyarsu, kotun Landan ta ɗaure shi wata 32 a Janairu 2019.

Mu ma a gida abin ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023, Ministan Sadarwa na lokacin, Isa Ali Ibrahim Pantami, ya ce an ƙidaya hare-hare kusan miliyan 13 a kwanakin zaɓen, cikinsu har da DDoS, ko da yake lissafin ya haɗa iri-iri ne, ba ambaliya kaɗai ba. A watan Agusta kuma, bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, wata ƙungiya mai kiran kanta Anonymous Sudan ta yi iƙirarin kai wa MTN hari saboda matsayin da Nijeriya ta ɗauka, hukumar NITDA ta fitar da gargaɗi. A Oktoba 2024 Amurka ta tuhumi wasu 'yan Sudan biyu, wa da ƙane, da tafiyar da ƙungiyar, ta ce an kai hari sama da 35,000 da kayan aikinsu cikin kimanin shekara ɗaya. Ɗaya daga ciki ya sa wani asibitin Los Angeles ya yi awa 8 yana juya marasa lafiya na gaggawa zuwa wasu asibitoci. Wannan ne ya sa na daina ganin abin kamar wasan yara.

Ruwan da ya fi ƙarfin kunya ba a tare shi a bakin gona, can sama ake raba shi. Manyan kamfanoni irin su Cloudflare da Akamai suna da saba a birane da yawa na duniya, duk suna amsa adireshi ɗaya, sai ambaliya ta rarrabu, kowace cibiya ta tace nata kason, ta zubar da datti, ta miƙo wa saba mai tsabta kaɗai. Cloudflare ta ce a watan Mayu 2025 ta tare wani hari da ya kai terabit 7.3 a sakan, wanda bai wuce sakan 45 ba. Babu wata makaranta ko ƙaramin banki da zai iya shanye wannan shi kaɗai. Sa'an nan akwai haƙƙin da ke kan masu ba da intanet, wanda aka rubuta tun shekarar 2000 a wata takarda mai suna BCP 38, cewa kowane kamfani ya duba saƙon da ke fita daga gidansa, in adireshin da ke kai ba nasa ba ne kada ya bar shi ya wuce. Da kowa ya bi wannan, da sallamar ƙarya ta yi wuya. Amma wanda ya kashe kuɗin tacewa ba kansa yake karewa ba, maƙwabci yake karewa, shi ya sa har yau wasu ke ja da baya. Malam ya ce abu mafi arha kuma wanda aka fi mantawa shi ne a rubuta lambar wayar injiniyan kamfanin intanet a takarda a manna a bango, gama ran da hanya ta toshe ba za ka iya shiga intanet neman ta ba.

Mu mutanen Birnin Gwari ba sai an yi mana dogon bayani a kan zafin yankewa ba. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba 2021, sa'ad da gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka rufe layukan waya a wasu yankuna don yaƙi da 'yan bindigar daji, ina ƙaramin aji, amma ban manta ba yadda masu POS suka naɗe lema, da yadda mutum kan yi doguwar tafiya don kawai ya ji muryar ɗansa. Wancan mataki ne na hukuma, an kuma yi shelarsa. Mai ambaliya kuwa irin wannan kurmancin yake jawo wa mutane daga cikin ɗakinsa, ba shela ba sanarwa.

Game da abokinmu na kwamfuta ta 17, Malam ya karanta masa sashe na 8 na dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta 2015, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tarar da za ta iya kai Naira miliyan 5, ko duka biyun, ga wanda ya hana kwamfuta aikinta da gangan. Ya kuma ba shi labarin wani yaro ɗan shekara 15 a Montreal ta ƙasar Kanada, mai laƙabi Mafiaboy, wanda a Fabrairu 2000 ya durƙusar da Yahoo da Amazon da CNN, ya ƙare da hukuncin wata 8 a gidan horon yara. Sa'an nan ya ce ya biya kuɗin man da aka yi asara, ya kuma riƙa zuwa kowace safiya yana duba littafin saba tare da ni, yana rubuta yawan masu shiga a kowace awa. Da muka sake gwajin ranar Asabar ta biye, shi ne ya zauna gaban allo yana ƙidaya. Mutum 40, zama mafi yawa daga adireshi ɗaya 6, aka gama saura minti 10 inji ya mutu.

Duk ɗan aji huɗu ko biyar da ke son ganin gaisuwar nan ta taki uku da idonsa, ɗakin kwamfuta a buɗe yake ranar Laraba bayan la'asar in akwai wuta. A zo da littafin rubutu da biro. Filashi kuwa a bar shi a ɗakin kwana, don yanzu a ƙofa nake karɓewa.